Rumbun da ke cikin jiki: jawabi ga iyaye mata da masu faɗakarwa a kan ƙarfin ƙashin mace

Iyaye mata na gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, da ku ƴan'uwa masu faɗakarwa na garuruwa da ƙauyuka, waɗanda aka fi sani da rile, barkanku da zuwa, da fatan kun baro gida lafiya.

Mun saba haɗuwa a kan maganar yaro: awon dantse, tamowa, kunu mai haɗi, nonon uwa zalla har wata shida. Yau kuma maganar uwa za mu yi, da ta ƴarta budurwa, da ta kakar da ke goyon jikoki. Maganar ƙashi ce, wanda shi ke ɗauke da jiki tun daga ƙuruciya har tsufa.

Babu unguwar da ba ta da tsohuwar da bayanta ya ranƙwafa har ba ta iya ɗaga kai ta dubi mai gaishe ta. Da yawanmu mun san wata wadda ta zame a bakin rijiya ko a makewayi, faɗuwar da yaro zai tashi ya kakkaɓe jiki ya wuce, amma ita ta karye a ƙugu, ba ta sake tsayawa da ƙafafunta ba. Mukan ce tsufa ne. Tsufa yana da nasa rabo, amma sau da yawa akwai cuta a ƙarƙashinsa, kuma cutar tana da dalilai da aka sani. Wasu daga cikinsu suna hannunmu.

Mece ce zaizayar ƙashi?

Jikin babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Ƙashi abu ne mai rai: kullum jiki yana rushe tsohon ɓangare yana gina sabo, kamar yadda ake yi wa ɗakin ƙasa yaɓe bayan kowace damina. Babban kayan ginin shi ne wani sinadari da ake kira kalsiyom. Mutanen Malbaza sun san dutsen farar ƙasa da masana'antar siminti ke haƙa. Kalsiyom ne ginshiƙin wannan dutse, kuma shi ne ke ba ƙashi tauri. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyom ɗin jiki yana cikin ƙasusuwa da haƙora. Ɗan abin da ya rage yana yawo a jini, domin zuciya da tsoka ba sa aiki sai da shi. Idan abinci bai kawo isasshe ba, jiki ba ya jira: sai ya ciro daga ƙashi.

Idan rushewa ta daɗe tana fin gini yawa, cikin ƙashi yakan zama rami-rami. Wannan ita ce cutar da likitoci ke kira ostiyoforoz, mu kuwa mu ce zaizayar ƙashi. Ku tuna azarar da gara ta ci: daga waje lafiya lau, sai ranar da aka ɗora mata nauyi ta karye. Cutar ba ta sa zazzaɓi, ba ta sa kumburi, sau da yawa ba ta ciwo kafin karaya. Wuraren da suka fi karyewa uku ne: wuyan hannu, ƙashin baya, da wuyan ƙashin cinya inda ya haɗu da ƙugu.

Gidauniyar da ke yaƙi da wannan cuta a duniya ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da suka haura shekara 50 za ta samu irin wannan karaya, a maza kuwa ɗaya cikin biyar. An daɗe ana zaton cutar Turawa ce. Binciken da aka yi a Afirka ta Kudu, Zimbabuwe da Gambiya ya nuna cewa tsofaffin Afirka su ma suna karyewa a ƙugu da ƙashin baya. An ware ranar 20 ga Oktoba ta kowace shekara domin tunatar da duniya wannan cuta.

Ƙashi rumbu ne

Abin da muke so ku koma gida da shi ke nan. Ƙashin mace rumbu ne, kuma lokacin cika shi ƙayyadadde ne. Yarinya tana tara kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin ƙashinta kafin ta cika shekara 20, ragowar kuma kafin shekara 30. Daga nan sai tsaron abin da aka tara, sannan a fara ɗiba. Wadda ta shiga girma da cikakken rumbu za ta daɗe tana ɗiba bai ƙare ba. Wadda ta shiga da rabin rumbu, tun da wuri za ta ga ƙasansa. Ba a fafe gora ranar tafiya: bayan kaka mai shekara 70 ana gina shi ne tun tana ƴar shekara 12.

Abubuwan da ba mu da iko a kansu

Na farko, zama mace. Ƙashin mace ya fi na namiji ƙanƙanta, kuma ƙarfinsa ya dogara da wani sinadarin jiki mai suna istirojin, wanda ƙwayayen haihuwa ke fitarwa. Na biyu, ɗaukewar al'ada. Idan haila ta ɗauke, yawanci tsakanin shekara 45 da 55, wannan sinadari yakan ragu ƙwarai, mace tana iya rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙashinta a shekaru biyar na farko. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin shekara 45, ko aka cire mata ƙwayayen haihuwa a wurin tiyata, haɗarinta ya fi yawa. Na uku, yawan shekaru. Na huɗu, gado: idan mahaifiyarki ko mahaifinki ya taɓa karyewa a ƙugu, ke ma ki yi hattara. Na biyar, ƙirar jiki: mace siririya mai ƙananan ƙasusuwa rumbunta ƙarami ne tun asali.

Waɗannan ba a sauya su, amma saninsu yana nuna wa za a fi sa wa ido.

Abubuwan da ke hannunmu

*Ƙarancin kalsiyom a abinci.* Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, tare da hukumar abinci ta FAO, sun ce babbar mace tana bukatar miligiram 1000 na kalsiyom a rana, budurwa mai shekara 10 zuwa 18 da macen da al'adarta ta ɗauke kuma miligiram 1300. A ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, inda abinci ya dogara da hatsi kamar namu, masu bincike sun samu mata suna cin miligiram 300 zuwa 400 kawai. A Jos ta Najeriya, binciken da aka buga a 1999 ya nuna cewa yara masu lanƙwasassun ƙafafu, a ƙasa mai yawan rana, ƙarancin kalsiyom ne babban abin da ke damun su, kuma da aka ba su shi ƙasusuwansu sun warke. Gero da dawa suna ba da ƙarfin aiki, amma kalsiyom ɗinsu kaɗan ne. Furar da aka dama da ruwa babu nono tana cika ciki, ba ta gina ƙashi.

*Rama da tamowa.* Ƙashi yana bukatar abinci mai gina jiki kamar wake, gujiya, ƙwai, kifi da nama. Macen da take ci a ƙarshe, bayan maigida da baƙi da yara, ita ce ta fi ramewa idan damina ta faɗi, rumbu ya yi ƙasa, aikin gona ya yi yawa. Rama mai tsanani tana iya ɗauke al'ada na watanni ko da babu ciki, kuma duk watan da aka yi haka ƙashi yana asara. Ma'aunin dantsen da ya gaza santimita 23 ga mai ciki ko mai shayarwa alama ce da ba a wasa da ita.

*Ciki da wuri.* Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Jariri yana zuwa duniya da kusan giram 30 na kalsiyom a ƙasusuwansa, mafi yawa ya same shi ne a watanni uku na ƙarshen ciki, kuma daga jikin uwa ya fito. Idan uwar ƴar shekara 14 ce ko 15, gini biyu ne ake yi da kayan gini ɗaya: nata bai ƙare ba, na ɗanta ya fara. Ku iyaye mata kuna da murya a maganar auren ƴaƴanku. Ku yi amfani da ita.

*Kwanika.* Mai shayarwa tana zuba miligiram 200 zuwa 300 na kalsiyom a nononta kowace rana, saboda haka ƙashinta yakan ɗan ragu a watannin farko. Kada wannan ya tsorata kowa, kuma kada wata ta yaye ɗanta saboda shi. Allah ya tsara jiki yana mayar da abin da aka ɗiba cikin wata shida zuwa shekara bayan yaye. Shayarwa har shekara biyu alheri ce ga uwa da ɗa. Abin gudu shi ne sabon ciki ya shigo jiki bai huta ba, ga kuma ƙarancin abinci. OMS ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ɗaukar wani ciki. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku tana ɗan rage nauyin ƙashi muddin ana yin ta, amma yakan dawo idan aka daina, kuma haɗarin kwanika ya fi wannan girma. Mai damuwa ta tattauna da ungozomar likita, kada ta daina da kanta.

*Rashin shiga rana.* Kalsiyom ba ya ratsa hanji ya shiga jini yadda ya kamata sai da bitamin D, kuma fata ce ke yin sa idan rana ta taɓa ta. Ƙasarmu ba ta rasa rana ba, amma matar da ke cikin kulle, mai jego da ke kwana arba'in a ɗaki, da tsohuwar da ba ta fita, suna iya rasa shi. Rashinsa yana sa ƙashi laushi, da ciwon ƙugu da cinyoyi, da wahalar tashi daga zaune. Maganin bai taɓa sutura ba: a tsakar gida, inda babu baƙon namiji, mace ta bar rana ta taɓa hannuwanta da ƙafafunta na minti 15 zuwa 30, sau da yawa a mako.

*Magungunan kan titi.* Wannan ku saurara da kyau. Ƙwayoyin ƙara ƙiba da masu tallan magani ke sayarwa a kasuwa, waɗanda wasu ke kira sha-ka-fashe, da yawansu suna ɗauke da maganin da ake kira deksametazon ko danginsa. Haka wasu ƙwayoyin ciwon gaɓoɓi da tsofaffi ke saya, da wasu mayukan ƙara hasken fata. Fuska takan cika, a ce mace ta yi kyau, alhali ruwa ne da kitse, ƙashi kuwa yana narkewa. Shan su na wata uku ko fiye yana cikin manyan abubuwan da ke kawo zaizayar ƙashi, ban da hawan jini da ciwon suga. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ta je likita a rage mata sannu a hankali.

*Gishiri, kanwa da taba.* Yawan gishiri da dunƙulen miya yana sa kalsiyom ya fita ta fitsari. Kunun kanwa mai yawa a lokacin jego yana kuma wahalar da zuciya, abin da likitocin Zariya suka bayyana tun shekarun 1970. Taba, ta hayaƙi ko ta baka, da giya, duk suna raunana ƙashi.

*Zama wuri ɗaya.* Ƙashi yana ƙarfi ne idan yana ɗaukar jiki. Tafiya, daka, surfe da aikin lambu suna gina shi. Doguwar jinya a kwance tana cinye shi. Sai dai tsohuwar da bayanta ya fara ranƙwafawa a sauke mata tulu da damin itace, domin nauyi a ka yana iya murƙushe ƙashin bayanta.

*Wasu cututtuka.* Zawo mai daɗewa, cutar sida, amosanin jini, ciwon suga, ciwon gaɓoɓi mai kumbura yatsu, maƙoƙon da ke zuwa da rama da bugun zuciya, da wasu magungunan farfaɗiya, duk suna ƙara haɗari. Masu su kada su bar maganinsu, su dai ƙara kula da abinci da rana.

Abin da ke cika rumbu yana kusa da mu

Ba sai an je kanti ba. Kofi ɗaya na nono ko kindirmo, wato rubu'in lita, yana da kusan miligiram 300 na kalsiyom, ko na saniya ne ko na akuya. Mai akuya ta rage wa gida kafin ta kai kasuwa, budurwa da mai ciki da mai shayarwa su samu rabonsu. Cuku shi ma nono ne da aka adana, ba ya lalacewa da wuri.

Busasshen ganyen kuka da na zogale suna cikin abincin da ya fi kowane kalsiyom a ƙasarmu: babban cokali biyu na garinsu yana iya ba da abin da ya kusa kofin nono. Miyar kuka, wadda wasu ke rainawa, abincin ƙashi ce. Ga lalo, rama, tafasa da ganyen wake. A shanya ganye a inuwa lokacin damina, a ajiye don rani. Masu lambu a fadamun Magiya, a Galmi, Tsarnawa da filayen noman rani na Ƙonni, ku bar wa zogale da ganyen miya gefe ɗaya kusa da albasa.

Ƙananan busassun kifi da ake daka su da ƙayarsu a zuba a miya suna da kalsiyom mai yawa, domin ƙashinsu ake ci. Riɗi wanda ba a cire masa ɓawo ba, wake, awara da ƙuli-ƙuli su ma suna taimakawa. A jiƙa gero ko a bar ƙullu ya yi tsami kafin a dama, domin hakan yana rage wani abu a cikin hatsi da ke hana jiki tsotse kalsiyom da sinadarin ƙarin jini.

Ga mai ciki, awon ciki kyauta ne a likitocin gwamnati tun 2006. A wuraren da abinci ke da ƙarancin kalsiyom, OMS ta ba da shawarar a ba masu ciki ƙwayoyinsa domin rage haɗarin hawan jini da jijjiga. Idan ma'aikacin lafiya ya ba ki, kada ki haɗa su lokaci ɗaya da ƙwayar ƙarin jini. Ki raba su da ƴan sa'o'i.

Aikinku, masu faɗakarwa

Na'urar da ke auna nauyin ƙashi ba a samun ta a likitocin karkara. Idonku da tambayarku su ne ma'auni na farko. Idan kun shiga gida domin awon yaro, ku gaida kaka, ku tambayi abu biyar. Ta taɓa karyewa bayan shekara 50 daga ƴar faɗuwa? Tsawonta ya ragu, kamar faɗin yatsu biyu ko fiye, ko zanenta ya fara jan ƙasa? Bayanta ya fara ranƙwafawa, ko ciwon baya mai tsanani ya taɓa kama ta farat ɗaya? Al'adarta ta ɗauke kafin shekara 45? Tana shan ƙwayoyin kasuwa kullum? Idan amsa ɗaya ta zama e, ku tura ta CSI mafi kusa. Wadda ta karye sau ɗaya ta fi kowa kusa da karaya ta biyu, kuma akwai magungunan da likita ke rubutawa masu rage wannan haɗari.

Ku duba gidan ma. Igiyar dabba a tsakar gida, santsi a makewayi, dokin ƙofa mai tsawo, duhun dare babu fitila: waɗannan su ke kayar da tsofaffi. Sanda ba abin kunya ba ce. Tsohuwar da ganinta ya ragu a kai ta a duba idon, domin yanar ido ana cire ta.

Idan tsohuwa ta faɗi ta kasa tsayawa, ƙafa ɗaya ta gajarce ko ta juya waje, ku ɗauka ƙugu ne ya karye. Kada a ja ƙafar, kada a tilasta mata takawa. Masu ɗori suna da matsayinsu a cikin al'umma, amma wannan karaya tana can ciki inda kara da tsumma ba sa kaiwa. A kwantar da ita a kan abu shimfiɗaɗɗe, a kai ta likita a ranar, daga nan a tura ta inda ake hoton ƙashi da tiyata, kamar asibitin Galmi ko babban asibitin jiha da ke Tawa. Ko a ƙasashe masu manyan asibitoci, kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka karye a ƙugu ba ya cika shekara a raye, kuma jinkiri da doguwar kwanciya suna ƙara haɗarin.

Ku kai wannan magana ga maza, a majalisa da bakin masallaci, da waɗanda suka tafi bida suna aiko da kuɗi. A ƙasar Adar, inda magidanta da yawa ke barin gida na watanni, mace ce ke riƙe da gona, da rijiya, da yara. Ranar da kaka ta kwanta, mai goyon jariri ta tafi, uwa ta bar lambu ta koma jinya, yarinya ta bar makaranta, tukunya ta ragu. Sau da yawa daga nan tamowar yaro ke farawa. Kuɗin nono da kifi bai kai kuɗin jinyar karaya ba.

Iyaye mata, yau da dare idan kuna rabon abinci, ku dubi ƴarku mai shekara 12, wadda ta wuni tana ɗebo ruwa da daka. Rumbunta a buɗe yake yanzu, kuma ba zai daɗe a buɗe ba. Ku zuba mata nono a furarta, ku ƙara mata miya, ku bar ta ta gama girma kafin ta ɗauki ciki. Ku ma ku ci, kada ku tsaya ga kanzo.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya raya mana zuri'a, ya sa iyayenmu su tsufa a tsaye da ƙafafunsu. Mai tambaya ta ɗaga hannu, wadda take jin nauyi kuma ta samu mai faɗakarwar unguwarta bayan taro.